Yogar Jarirai Da Hannun Ungozoma A Sunkani

A 'yan shekarun nan wata baƙuwar al'ada ta soma leƙowa gidajen ma'aikata da 'yan boko ta cikin wayar hannu, watau abin da Turawa ke kira yogar uwa da jariri. Za a ga mata goma ko fiye sun yi shimfiɗa a cikin wani ɗaki, kowace ta kwantar da ɗanta a gabanta, malama tana ba da umurni: a kama ƙafafunsa a naɗe su zuwa cikinsa, a miƙar, a harɗe hannuwansa a ƙirji, a buɗe, a kifa shi bisa cinya a shafa bayansa. Ita ma uwar tana nata miƙe-miƙen tana daidaita numfashi. A biranen Ingila da Amurka sai an biya kuɗi ake shiga irin wannan aji. Duk tsohuwar da aka nuna wa wannan hoto a Sunkani, hedkwatar ƙaramar hukumar Ardo Kola da ke kudu da Jalingo, da wuya ba ta yi dariya ba, domin kuwa abin da hannunta ke yi ke nan safe da maraice tun ba a haifi mai nuna mata ba.

A Sunkani da ƙauyukan da ke kewaye da ita, inda Fulani da Mumuye da Jukunawa da Hausawa ke zaman tare, wankan jariri aikin manya ne, kamar yadda yake a yawancin ƙasar Arewa. Ungozoma ko kaka ita ke zama bisa 'yar kujera, ta miƙe ƙafafu, ta ɗora jaririn a kai, ga ruwan ɗumi a gefe. In ta cuɗa shi ta ɗauraye, sai ta shiga aikin gaɓoɓi. Ta ja hannun dama ta kai shi kafaɗar hagu, ta ja na hagu ta kai dama, ta lanƙwasa gwiwoyi, ta murza tafin ƙafa, ta bi bayan da tausa tun daga wuya har ƙugu, daga nan ta shafe shi da man kaɗanya ko man shanu. Waɗansu sukan ɗaga shi ta hannuwa, waɗansu ma har su cilla shi sama su cafe, wai don ya yi ƙwari kuma kada ya tashi matsoraci. In ya kai wata uku ko huɗu sai a soma zaunar da shi cikin daro ko kwando, a tokare shi da tsummoki, har ya iya zama da kansa. Ba wanda ya taɓa raɗa wa wannan aiki suna, balle ya karɓi ko kwabo a kansa.

Ita yoga asalinta daga ƙasar Indiya ne, tsohuwar hanya ce ta horar da jiki da numfashi da natsuwa, kuma ta yaɗu a duniya har Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe mata ranar 21 ga Yuni, aka fara bikinta a 2015. Amma reshenta na jarirai ɗan jiya ne. A 1976 wani likitan haihuwa Bafaranshe, Frederick Leboyer, ya buga littafi a kan wata matalauciya da ya gani a birnin Kalkata tana yi wa jaririnta tausa da mai, littafin da ya jawo hankalin Turawa ga wannan abu. Daga baya wata malamar Jami'ar Kambirij mai suna Françoise Freedman, wadda ta zauna da mutanen dajin Amazon na ƙasar Peru ta ga yadda suke sarrafa 'ya'yansu, ta haɗa abin da ta gani da motsin yoga, ta buga littafinta a kai a shekarar 2000. Ashe dai kayan talakawan ƙasashe masu zafi ne aka kai Turai aka sāke musu riga, ga shi kuma suna dawowa gida a matsayin baƙi.

Akwai masu ƙyamar sunan saboda tushen yoga yana haɗe da addinin Hindu, kuma ba su yi abin mamaki ba, don ko a Malesiya majalisar fatawa ta ƙasar ta hana Musulmi yoga a 2008 saboda abubuwan bauta da ke cikinta. Sai dai a miƙar da ƙafar jariri babu wata bauta, kuma uwar da ta bar sunan ta riƙe aikin ba ta yi hasarar komai ba.

To, shin wannan miƙe-miƙe yana da wani amfani da ido zai gani, ko kuwa al'ada ce kurum? Masana sun daɗe suna bin wannan tambaya, kuma a Afirka suka fi samun amsarta. A 1957 wata likita Bafaranshiya, Marcelle Geber, ta ba da rahoton cewa jariran da ta auna a Kampala ta ƙasar Uganda sun riga na Turai riƙe wuya da zama. An yi ta gardama a kan dalili, waɗansu suna cewa halitta ce. Wanda ya warware zancen shi ne wani Ba'amurke, Charles Super, da ya zauna cikin kabilar Kipsigis ta yammacin Kenya, ya buga sakamakonsa a 1976. Ya tarar 'ya'yansu suna zama da tsayuwa da tafiya kimanin wata guda kafin 'ya'yan Amurka, kuma iyayen da gangan suke koya musu, har ɗan rami sukan haƙa su zaunar da yaro a ciki, kamar dai daron Sunkani. Abin lura kuwa shi ne a wajen rarrafe, wanda ba a koya musu kuma ba a cika ajiye su a ƙasa ba, ba su riga kowa ba. Watau abin da aka yi wa yaro horo a kai shi yake saurin iyawa. Shekara goma bayan haka waɗansu masana na Faransa suka bayyana irin wannan miƙa da ɗagawa a wajen Bambarawan ƙasar Mali, aka kuma same ta a hannun matan Jamaika mazauna Ingila, waɗanda kakanninsu daga Afirka aka kwashe su.

Hannun tsohuwa dai yana aiki, babu shakka. Amma kada a kai shi inda bai kai ba, kuma kada a kai yogar Turawa can. Yaron da ya yi tatata a wata goma bai fi wanda ya yi a wata goma sha huɗu basira ba. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bin yara 816 masu ƙoshin lafiya a ƙasashen Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka. Ta tarar zama ba tare da tokari ba yana zuwa ne tsakanin wata 4 da wata 9, tafiya kuma tsakanin wata 8 da kusan wata 18, har ma kimanin huɗu cikin ɗari na yaran ba su yi rarrafe ba sam, tashi suka yi suka kama tafiya. Wannan ya isa ya kwantar da hankalin uwar da kishiya ko maƙwabciya ke yi wa gori cewa ɗanta ya yi nauyin ƙafa. Haka nan a 2013 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitoci, ta duba gwaje-gwaje 34 da aka yi a kan tausar jarirai lafiyayyu 'yan ƙasa da wata shida, ta ce hujjar da aka samu ba ta da ƙarfin da za a ce tausa na ƙara musu girma ko ƙwaƙwalwa. Mai tallar aji da ke alkawarin cewa yoga za ta mai da jariri haziƙi, kasuwarsa yake ci.

Inda aka ga amfanin taɓa jiki ƙuru-ƙuru shi ne a wajen bakwaini. A 1986 wata masaniya, Tiffany Field, ta gwada shafa da motsa gaɓoɓin bakwaini a wani asibiti a Amurka, minti 15 sau uku a yini har kwana goma. Waɗanda aka yi wa sun fi sauran ƙara nauyi da kashi 47 cikin ɗari, aka kuma sallame su kwana shida kafin 'yan'uwansu. Tun kafin wannan, a 1978, ƙarancin kwalaben renon bakwaini ya sa wani likita a birnin Bogota na Kolombiya, Edgar Rey, ya soma ɗaura jariri tsirara a ƙirjin uwarsa, fata da fata. Wannan goyon ƙirji an sāke gwada shi a asibitocin ƙasashe biyar, har da na Ile-Ife a nan Nijeriya, aka buga sakamakon a 2021: fara shi nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin ɗari. Ga ƙauyen da wutar lantarki ba ta zama, kuma asibitin da ke da kwalba sai an je Jalingo, wannan labari ya fi kowace yoga daraja, kayan aikinsa kuwa zane ne da majanyi.

Ga lafiyayyen jariri kuwa, alherin da ke cikin wannan zama, ko na ajin yoga ko na bakin daro, yawancinsa a fuska da murya yake. Sa'ad da uwa ta kwantar da ɗanta a gabanta ta kama ƙafafunsa, idonta na cikin nasa. Ya yi gwaranci ta amsa, ya yi murmushi ta mayar masa, ya kau da kai ta dakata. Da wannan ba-ni-in-ba-ka ne ƙwaƙwalwar yaro ke ɗinka hanyoyinta a shekarun farko, daga nan harshe ke tsira. Shaidar da ta fi kowace ƙarfi a kan haka daga birnin Kingston na Jamaika ta fito. A 1986 da 1987 aka ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar, 'yan wata 9 zuwa 24. Waɗansu daga cikinsu ma'aikaciyar lafiya ta riƙa zuwa gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka ƙera a gida. Bayan shekara ashirin aka bi sawunsu, aka tarar abin da suke samu a wajen neman abinci ya ɗara na waɗanda ba a yi wa ziyarar ba da kashi 25 cikin ɗari. In aka tuna cewa ƙididdigar lafiya ta 2018 ta nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar a tsumbure suke, za a ga cewa wannan magana ta shafi gida.

A nan ne al'ada take da ɗan gyara, kuma wuri ne mai wuyar taɓawa. Kunyar ɗan fari abu ce mai daraja a wajen Hausawa, a wajen Fulani kuwa ta fi haka ƙarfi, tana cikin pulaku. Yarinyar da ta yi haihuwar fari ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, wata ma ko nono sai an matsa mata take ba shi in da mutane. Uba kuma ɗaukar jariri ba ya cikin abin da aka san shi da shi. A babban gida na dā wannan bai cutar da yaro ba, domin akwai kaka da gwaggo da inna da yayye, kowa na ɗauka yana yi masa tawai, har ya rasa hannun da zai zaɓa. Amma zama ya sāke. Malamin makaranta ko ɗan kasuwar da ya kama ɗaki biyu a Jalingo ya bar tsofaffi a Sunkani, daga shi sai matarsa. In ta gama wankan gida ta dawo bayan arba'in, ta kuma zo da kunyar nan, shi ma ya riƙe tasa, to wa zai yi wa yaron magana? Kunya ta gaban mutane ce, a cikin ɗaki kuwa babu surukin da ke kallo. Minti goma da uba zai kishingiɗa ya ɗora jariri a ƙirjinsa bayan sallar isha'i ba zai rage masa girma ba, ita uwar kuma ta samu ta miƙe bayanta.

Sai maganar goyo. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kada a tsare jariri wuri guda fiye da awa ɗaya a jere, ko a keken turawa, ko a kujera, ko a bayan mai goyo. Matar da ke tafiya gonar doya ko ta ɗauki ƙwaryar nono zuwa kasuwar Iware za ta ce wanda ya rubuta wannan bai san aikinta ba, kuma tana da gaskiyarta. Goyo yana da alheri mai yawa: yaro na jin ɗumin uwa, yana nesa da ƙasa da dabbobi da wuta, wuyansa da bayansa na aiki yayin da take motsi, kuma likitocin ƙashi sun lura cewa gocewar ƙashin ƙugu ba ta da yawa a cikin al'ummomin da ke goyo ƙafafu a buɗe. Abin da za a ɗauka daga shawarar shi ne a riƙa sauke yaro lokaci-lokaci. Ita wannan hukuma ta ce jaririn da bai fara rarrafe ba yana bukatar akalla minti 30 a yini yana rub-da-ciki, a rarrabe, idonsa biyu, babba na kusa. Wannan kwanciya ita ke ƙarfafa wuya da kafaɗu da hannuwa, ita ce kuma ainihin abin da Super ya ga ya yi ƙaranci a Kenya. Tabarma mai tsabta a inuwa ta wadatar. Amma in barci ya zo a mai da shi rigingine, gama tun 1992 likitocin yara na Amurka suka yi gargaɗi cewa barcin rub-da-ciki na da hannu a mutuwar fuju'a ta jarirai.

Akwai kuma abubuwan da ya kamata a bari, ko daga hannun tsohuwa suka fito ko daga waya. Kan jariri yana da nauyi, wuyansa kuwa bai riƙe shi sosai sai wajen wata huɗu, saboda haka cilla shi sama da hannu mai santsin sabulu ganganci ne. Ɗaga yaro ko fizgarsa ta hannu ɗaya na iya gotar da gwiwar hannun. Jijjiga shi da ƙarfi don ya yi shiru ya fi duka muni: tun 1971 wani likitan ƙwaƙwalwa na Ingila, Norman Guthkelch, ya nuna cewa hakan na tsinka jijiyoyin jini a cikin ƙoƙon kai, abin da kan jawo makanta ko farfaɗiya ko mutuwa. Hotunan da ke yawo na masu wulwula jarirai ta ƙafa da sunan yoga, hauka ne tsantsa. Matsa kai da tsumma mai zafi don a gyara shi ba shi da amfani, kan da ya tsawaita wajen haihuwa da kansa yake komawa cikin 'yan kwanaki, maɗiga kuma in ta faɗa alamar ƙarancin ruwa ce a jiki, asibiti take nema. Cibiya ma ba ta bukatar gashi, akwai maganin shafawa mai suna kulohezidin da gwamnati ta amince da shi. Ruwan wanka a gwada shi da gwiwar hannu, wankan farko kuma a jinkirta shi har kwana guda bayan haihuwa don kada sanyi ya kama jaririn. Tausa kuwa a yi ta da taushin hannu, ba a kan ƙoshi ba, ba kuma lokacin zazzaɓi ba, in yaro ya soma kuka a tsaya.

Rabin yogar nan ta uwa ce, kuma nan ma akwai abin dubawa. Al'ada ta tanadar wa mai jego hutu da abinci da masu taimako har kwana arba'in, abin da matan Turai da yawa ke nema ba su samu ba. Sai dai cikin shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun ba da rahoton yawan ciwon zuciya da kumburi a jikin masu jego a ƙasar Zariya, suka danganta shi da tafasasshen ruwan wanka, da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da yawan kunun kanwa. Ruwan ɗumi ya isa, kanwa kuma a rage ta ƙwarai. Abin da jikin mai jego ke so shi ne 'yar tafiya a tsakar gida, da jan numfashi mai zurfi, da miƙar baya a hankali, da motsa tsokokin mara yadda ma'aikaciyar asibiti za ta nuna mata don kada riƙe fitsari ya gagare ta daga baya. Wadda aka yi wa aiki aka ciro ɗa kuwa ta jira izinin likita, galibi bayan mako shida.

Abin tsoro a yau shi ne a saki na hannu ba a kama na guje ba. Yarinya mai ilmin zamani takan raina wankan tsohuwa ta kira shi ƙauyanci, ajin yoga kuma babu shi a kusa da ita, sai ta cike gurbin da abubuwa biyu da ake sayarwa a kasuwa. Na farko keken koyon tafiya, wanda ba ya sa yaro saurin tafiya, sai dai ya kai shi ga murhu ko bakin matakala kafin a ankara. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Na biyu wayar hannu da ake kafa wa jariri a fuska don ya yi shiru, alhali shawarar 2019 ɗin nan ta ce ɗan ƙasa da shekara ɗaya kada a ba shi kallon allo ko kaɗan. Ma'aikatan ƙananan asibitocin Ardo Kola suna ganin waɗannan mata a ranakun awo da rigakafi. Da za a ɗauki minti goma cikin lokacin da suke zaune suna jiran layi, a kira wata ungozoma mai hankali ta nuna miƙa da tausa, ma'aikaciya na gefe tana ware abin da za a bari, da an yi ajin da ya fi na waya dacewa da wurin, ba tare da an kashe ko sisi ba.

A wannan zama ne kuma za a gaya wa iyaye alamun da tausa ba ta maganinsu. Yaron da ya kai wata huɗu wuyansa na lilo, ko ya wuce wata tara bai zauna ba, ko ya cika wata goma sha takwas bai taka ba, ko jikinsa ya yi tauri ko laushi fiye da kima, ko yana amfani da gefe ɗaya kawai, ko ba ya juyowa in an yi ƙara, ko ya daina abin da dā ya iya, a kai shi asibiti. In abin ya fi ƙarfin na kusa za a tura shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo, inda akwai likitocin yara da masu gashin ƙashi.